Mita Ashirin a Hanyar Mando: Nazarin Haɗarin Wata A-kori-kura

Motar a-kori-kura ce, ta ɗauko buhu 20 na masara daga kasuwar Kawo wata ranar Talata a farkon damina, za ta kai wa wani mai gidan kaji da ke bayan Mando. Mutum uku ne tare da ita: direba, da wakilin mai sayen masarar a kujerar gaba, sai yaron mota ɗan shekara goma sha bakwai, wanda ya bar wa baƙon kujerarsa ya haye saman buhuna. Bayan la'asar aka yi ɗan yayyafi, irin wanda ba ya ko sa mutum neman wurin fakewa, ya jiƙa kwalta ya ɗauke. Sun baro Kawo suna kan miƙaƙƙen titi, sai wani mai Keke Napep da ke gabansu ya tsaya ɗaukar fasinja, rabin keken yana kan titi. Direba ya taka birki. Motar ta tafi a sulale, ta daki bayan keken, suka ɗan ƙara gaba a haɗe sannan suka tsaya.

Ba a rasa rai ba, alhamdu lillahi. Yaron ya zamo ta saman rufin motar, ya bugi tamfol ɗin keken, ya faɗa gefen titi. Hannunsa na dama ya karye, ya kuma goge a fuska. Buhu biyu na jerin sama sun biyo shi, ɗaya ya lotsa rufin, ɗaya ya faɗo ya fashe. Mata biyu da ke cikin keken sun yi kwanaki suna fama da ciwon wuya. Bayan keken ya shige ciki, fitilunsa sun tarwatse.

Duka ɓangarorin 'yan unguwa ɗaya ne ko makwabtan unguwa, don haka aka zaɓi a sasanta a gaban mai unguwa. A nan magana ta cije. Mai motar ya ce direbansa gudu yake yi, bai gaza kilomita 80 a awa ba, shi ya san halinsa. Direban ya rantse bai wuce 30 ba, birki ne ya ƙi ci, kuma ya daɗe yana faɗa wa maigidansa motar na buƙatar gyara, ga shi an lafta mata kaya fiye da ƙarfinta. Mai keke ya ce shi a tsaye aka same shi, ba shi da abin faɗa. Mahaifin yaron kuwa, dattijo mai sanyin murya, bai shiga musun ba. Tambaya ɗaya ya yi ta maimaitawa: "To shi wannan yaro, me ya jefa shi?"

Ni malamin Fiziks ne a wata makarantar sakandare a nan Kaduna, kuma mai unguwa ya san haka. Da ya ga kowa na kiran lamba, ya aiko a kira ni in duba ko akwai abin da lissafi zai iya faɗa. Na rubuta wannan ne saboda abin da muka samu ya dace da duk wanda ke tuƙi ko ake tuƙa shi a garin nan, kuma saboda ɗalibaina suna haddace dokokin motsi don jarrabawa, ba su san cewa kullum suna hawa kansu zuwa makaranta ba.

Abin da titi ya rubuta

Wani mai faci da ke bakin hanyar ya ɗauki bidiyo da wayarsa jim kaɗan bayan karon. Ruwan farko ya kwaɓa ƙurar rani da baƙin man da motoci suka ɗiga, sai ya zama wata siririyar laka a kan kwalta, kuma a cikinta aka ga layi biyu a fili, sawun tayoyin da suka daina juyawa suka ja. Layukan sun fara daidai wani turken wutar lantarki, suka miƙe har inda gilashin fitilar keken ya zube. Muka je da tef ɗin magina muka auna: kusan mita 20. Daga inda gilashin ya zube zuwa inda motocin biyu suka tsaya, kusan mita uku da rabi.

Tun kafin a kai ga lissafi, layukan nan sun warware magana ɗaya. Birkin da ya ƙi ci ba ya barin sawu, domin taya na ci gaba da juyawa. Sawun ja yana nuna birki ya kama har ya danƙare taya. Bakanike ma ya buɗe ya duba, ya ce man birki bai zube ba, takalman birkin kuma da sauransu. Abin da ya nuna mana da yatsa shi ne tayoyin gaba: 'yan gwanjo ne, sun cinye sun yi sumul, zanen da ke jikinsu ya kusa ɓacewa gaba ɗaya.

Direban bai yi ƙarya da gangan ba, kuma na faɗi haka a zaman. Ya ce, "Wallahi Malam, na danne shi har ƙasa, na karya sitiyari, ta ƙi juyawa ta ƙi tsayawa." Haka abin yake ga wanda ke ciki. Sai dai birki ba shi ke tsayar da mota ba. Aikin birki ya hana taya juyawa. Abin da ke tsayar da mota shi ne gogayya tsakanin robar taya da titi, a wurare huɗu da kowanne bai fi tafin hannu faɗi ba. Duk ƙarfin birki, idan titi bai riƙe taya ba, mota za ta wuce. Kuma tayar da ta danƙare ba ta jin sitiyari, domin tana iya bi da mota hagu ko dama ne kawai idan tana mirginawa. Da ta fara ja, duk inda ka karkata ta, gaba za ta ci gaba da tafiya. Wannan ne ya sa motocin zamani ke da na'urar ABS, mai sakin birki tana sake kamawa sau da yawa a cikin sakan guda don kada taya ta danƙare. Tsofaffin direbobi da ƙafa suke yin wannan, su taka su saki su sake takawa. Tayar da ke dab da sulalewa ta fi wadda ta riga ta sulale riƙe titi. A-kori-kurar nan ba ta da na'urar, direban kuma firgici ya sa ya danne bai saki ba.

Yanzu gudun. Masana suna auna kamun taya da wata lamba. Taya mai kyau a busasshiyar kwalta tana ba da kusan 0.7, a jiƙaƙƙiya kuwa takan sauka zuwa 0.4 ko 0.5. Ma'anar lambar mai sauƙi ce: a ninka ta da 9.8, wato yawan gudun da abu mai faɗowa ke ƙarawa a kowane sakan, sai a sami yawan gudun da mota za ta iya ragewa a sakan guda. Saboda ruwan farko da kuma halin tayoyin, na ɗauki 0.4. Ke nan motar na rage gudun kusan mita 3.9 a kowane sakan, ba ƙari, ko da ƙafa biyu aka taka.

Daga baya muka faro, daga mita uku da rabin nan. Don motoci biyu a haɗe su ja wannan nisa kafin su tsaya, sai sun tashi daga wurin karo da gudun mita 5 da ɗoriya a sakan. Bisa ƙiyasin bakanike, motar wofi ta kai kilo 1,500. A ƙara masara kilo 2,000 da mutum uku, ta kai 3,700. Keken da mutanensa uku kusan 600 ne. A karo irin wannan, nauyi sau gudu kafin a haɗu daidai yake da nauyi sau gudu bayan an haɗu, ba ya ƙaruwa ba ya raguwa, rabawa kawai ake yi. Da wannan muka gano motar ta isa bayan keken da gudun kusan mita 6 a sakan, wato kilomita 22 a awa. Sai muka mayar mata da abin da ta zubar a cikin mita 20 na ja. Amsar ta fito mita 13.9 a sakan. Kilomita 50 a awa ke nan.

Mai motar ya ce, "Malam, ai lambar nan ta 0.4 kai ka zaɓe ta." Gaskiyarsa ne, kuma tambaya ce mai kyau. Na sake lissafin a gabansa da 0.3, ya ba da 43. Na sake da 0.5, ya ba da 56. Duk yadda aka juya, gudun na tsakanin nan. Da 80 yake yi, sai ya buƙaci mita 63 kafin ya tsaya, ya daki keken da gudun da ya haura 60, ya ja shi fiye da mita 30, kuma da ba zaman sulhu muke yi ba, da zaman makoki ne. Da 30 yake yi kuwa, mita 9 sun ishe shi, da bai ko kusanci keken ba. Mai unguwa ya dubi ɗaya ya dubi ɗayan ya ce to, kowa ya ajiye lambarsa.

A nan akwai abin da nake so kowane direba ya riƙe. Nisan birki ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudu. Gudu sau kansa ake lissafawa. A wannan titin, a wannan yammacin, mai gudun 30 na buƙatar mita 9, mai gudun 60 na buƙatar mita 35. An ninka gudu sau biyu, nisa ya ninku sau huɗu. Ƙafar direba ba ta jin wannan bambanci, domin daga 40 zuwa 50 ɗan taɓa totur ne kawai. Kuma kafin ƙafa ta kai ga birki, ido ya gani, ƙwaƙwalwa ta yanke shawara, abin da kan ci sakan guda ko fiye ga mutum mai natsuwa. A gudun 50, sakan guda mita 14 ne da mota ke cinyewa ba a rage komai ba. Ke nan direbanmu ya hango keken yana nesa da kusan mita 34, alhali yana buƙatar 39. Mita biyar suka gaza masa. Da titin a bushe yake, da taya mai kyau, mita 28 sun isa. Da 40 yake yi a kan jiƙaƙƙen titin da tayoyin nan nasa, mita 27 sun isa.

Iyakar gudu a cikin gari, bisa ƙa'idar hanya ta Najeriya, kilomita 50 ce a awa. Direban ya ɗan sami ƙarfin gwiwa da jin haka, har ya gyara zama. Na ce masa iyaka ita ce ƙarshen abin da aka yarda a yi idan komai lafiya, hanya a bushe, taya da zanenta. Ranar da sama ta yi yayyafi, 50 ɗin ba ta zama haƙƙinsa ba.

Tambayar dattijo

Da aka gama musun gudu na juya wurin mahaifin yaron, domin tambayarsa ta fi duk sauran nauyi. Na ce, "Baba, babu abin da ya jefa shi."

Ya ce, "Kamar yaya, Malam? Mutane sun gan shi a sama."

Na ce, "Tafiya yake yi tun daga Kawo, shi da motar, gudu ɗaya. Motar ce aka tsayar. Shi ba a tsayar da shi ba."

Dattijon ya yi shiru yana juya maganar, kuma bai kamata a ga laifinsa ba, domin manyan masana sun shafe ƙarnuka kafin su yarda da ita. Aristotal na Girka ya koyar da cewa abu yana tafiya ne muddin ana tura shi, da an daina sai ya tsaya. Ido ma haka yake gani: mai kura ya saki kurarsa, ta tsaya. Ibnu Sina, wanda ya rayu daga 980 zuwa 1037, yana cikin waɗanda suka ƙi gamsuwa da wannan. Ya ce abin da aka jefa yana ɗauke da tafiyarsa a jikinsa, kuma wani abu na waje ne, kamar iska, ke cinye ta, da babu mai cinyewar da ba za ta ƙare ba. Galileyo na Italiya ya gwada da ƙwallaye a kan gangaren katako, ya wallafa sakamakonsa a 1638. Sai a 1687 Niyuton na Ingila ya tsara maganar ta zama doka ta farko cikin dokokinsa uku: abin da ke tsaye zai ci gaba da tsayuwa, abin da ke tafiya zai ci gaba da tafiya a miƙe da gudunsa, sai in wani ƙarfi daga waje ya taɓa shi. Kurar ba don kanta ta tsaya ba, ƙasa ce da gogayyar ƙafafunta suka tsayar da ita.

To wane ƙarfi ne zai tsayar da yaron da ke zaune a saman buhu? Direba yana da sitiyari a hannu da ƙafa a kan birki. Baƙon da ke gaba ya dafe gaban mota. Yaron ba shi da komai sai gogayyar wandonsa da buhun da yake kai, buhun kuma ba shi da komai sai gogayyarsa da buhun da ke ƙarƙashinsa, domin ba a ɗaure kayan ba. Buhunan nan na saƙar leda ne, masu santsi ko a bushe, balle yayyafi ya taɓa su.

Wannan ana iya gwada shi a tsakar gida, kuma mun gwada a gaban mutane. Muka shimfiɗa jiƙaƙƙen buhu a kan katako, muka ɗora wani buhun mai ɗan nauyi a kai, muka riƙa ɗaga gefe ɗaya a hankali, waya na auna kusurwa. Ya fara zamewa a wajen digiri 17, wanda ke nufin kamu na kusan 0.3. Tayoyin motar suna da 0.4. Bambancin kaɗan ne a ido, amma a kansa komai ya rataya: motar na rage gudu fiye da yadda buhu zai iya rage wa abin da ke kansa. Ke nan tun daga lokacin da birki ya kama, yaron da jerin buhunan sama suka fara zamewa gaba. Jan ya ɗauki kusan sakan biyu, kuma a cikinsu yaron ya matsa kusan mita biyu, daga tsakiyar kaya har bakin rufi. Karon ya same shi a can, ya ƙarasa shi. Mai facin ya tabbatar da haka ba tare da an tambaye shi ba, ya ce ya ga yaron yana lalube da hannu tun kafin a ji ƙara.

Akwai abin da ke tayar mini da hankali a wannan lissafin. Da tayoyin sababbi ne, titi a bushe, motar ta tsaya cak ba ta taɓa keken ba, da yaron ya fi saurin zamewa, domin tsayawar ta fi tsanani. Wato gyaran taya kaɗai zai ceci keken, ba zai ceci na saman kaya ba. Duk wanda ya zauna a kan buhu, ko a kan itace, ko a bakin bodin tifa, rayuwarsa ta dogara ne ga kada direba ya taɓa buƙatar birki mai ƙarfi. Mutumin da ke tafiya da gudun 50 ya bugi abu mai tauri, daidai yake da wanda ya faɗo daga tsayin kusan mita 10, saman bene mai hawa uku. Babu uban da zai bar ɗansa ya zauna a bakin rufin irin wannan bene yana lilo da ƙafa, amma kullum muna wuce yara a saman kaya tsakanin Kawo da Kasuwar Bacci ba mu ko waiwaya ba.

Abu biyu suka sassauta wa yaron, da ikon Allah. Gudun ya riga ya ragu sosai kafin ya bar motar. Sannan tamfol ɗin keken ya fara tarbarsa, ya lotsa, ya tsawaita lokacin tsayawarsa. Doka ta biyu ke nan a aikace: ƙarfin da jiki ke ji ya danganta da yawan gudun da aka rage da kuma gajartar lokacin da aka rage shi. A tsayar da mutum cikin ƙiftawar ido, ƙashi ya karye. A ba shi ko da rabin sakan, ya tashi ya kakkaɓe riga. Bel ɗin kujera, wanda hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ta fara tilasta ɗaurawa a 2003, aikinsa ke nan guda biyu: ya haɗa jikin mutum da mota don su rage gudu tare, ya kuma ɗan miƙe don tsayawar ta ɗauki lokaci.

Matan da ke cikin keken nasu akasin haka ne. Su a tsaye suke, aka fizgi kujerarsu gaba. Doka ta uku ta ce ƙarfin da motar ta daki keken da shi, da irinsa daidai keken ya daki motar. Amma ƙarfi ɗaya a kan nauyi daban ba ya yin aiki ɗaya. Motar mai kilo 3,700 ta rasa gudun da bai kai mita ɗaya a sakan ba. Keken mai kilo 600 ya tashi daga tsaye zuwa gudun kusan kilomita 19 a awa nan take. Kujera ta tura bayansu gaba, kai kuma, da ba shi da abin jingina, ya tsaya a inda yake na ɗan lokaci, wuya ya ɗauki wahalar.

Batun lodi

Wannan ne ya fi ɗaukar lokaci, domin nan kuɗi yake. Direban ya tsaya kan cewa nauyi ne ya hana ta tsayawa. Amsar ba ta yi wa kowa daɗi gaba ɗaya ba. Tun a 1699 wani masanin Faransa mai suna Amonton ya nuna cewa gogayya na ƙaruwa daidai da nauyin da ke danna abu. Mota mai nauyi tana buƙatar ƙarfi mai yawa kafin ta tsaya, amma kuma nauyin nata yana ƙara danna taya a kan titi, riƙon ya ƙaru. Biyun suna kusan share juna. Idan tayoyi sun riga sun danƙare suna ja, buhu 10 da buhu 20 ba za su bambanta da yawa a nisan tsayawa ba. Mai motar ya ji daɗin wannan.

Sai na ci gaba. Mota mai kilo 3,700 a gudun 50 tana ɗauke da kuzarin motsi na kusan jul 357,000 (jul shi ne ma'aunin kuzari), wanda ya isa ya tafasa lita guda ta ruwa. A birki na yau da kullum, duk wannan zafin cikin ƙarafan birki yake shiga. Motar da aka ƙera don ɗaukar kusan tan ɗaya aka ɗora mata tan biyu, a riƙa taka birki a cunkoso ko a doguwar gangara, ƙarfen zai yi zafi har kamunsa ya ragu, kuma a ranar ne birki zai ƙi ci da gaske. Wannan ranar ba ta zo ba tukuna, amma tana kan hanya. Na biyu, kuma shi ne laifin lodin a wannan haɗarin: tsayinsa. Da buhu 10 ne, da sun kwanta ƙasa da bangon bodi, duk abin da ya zame zai tarar da bayan gidan direba ya tare shi. Buhu 20 sun haura rufi, suka zama shimfiɗaɗɗiyar hanya zuwa titi. Ga shi ba igiya.

Mai unguwa, da ya ji zancen igiya, ya kawo hadisin mutumin da ya tambayi Manzon Allah (SAW) ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya yi tawakkali, aka ce masa ya ɗaure ta sannan ya yi tawakkali. Ya ce babu mai musun ƙaddara a zauren nan, amma a kan abin da aka bari ba a ɗaure ba ake yin shari'a.

Ban ɗauki mai motar a matsayin mugun mutum ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kowane sawu ya yi tsada, kuma mai kaya ba ya son biyan sawu biyu a kan abin da wani zai kai masa a sawu ɗaya. Ya faɗi haka ƙarara: "Ranka ya daɗe, in na ce buhu goma, wani za a kira." Na yarda da shi cewa matsin gaskiya ne. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce ribar sawu guda ta hau kan yaron da ba shi da bakin cewa a'a.

Yadda aka rabu

Mai unguwa ya raba nauyin gida uku. Mai motar ya ɗauki kuɗin maganin yaron da na matan biyu, saboda tayoyi da lodi da rashin igiya nasa ne. Direban ya ɗauki kaso mafi girma na gyaran keken, a riƙa cirewa daga kuɗinsa kaɗan-kaɗan, saboda bai rage gudu ba da ya ga titi ya jiƙe, kuma shi ya bari yaro ya hau sama. Mai keke ya ɗauki ragowar, domin ya tsaya rabi a kan titi, kuma da aka matsa masa ya amsa cewa fitilar birkinsa ta daɗe da mutuwa. Fitilar nan ita ce ke sanar da na baya tun kana rage gudu, kafin ka tsaya, kuma ko rabin sakan ta ba direban, mita 7 ke nan, alhali biyar suka gaza.

An rubuta cewa za a sauya tayoyin gaba kafin motar ta sake fita, a riƙa ɗaure kaya, kuma ba wanda zai sake hawa samansu. In akwai baƙo, ya hau keke ya biyo baya. A kan yawan buhu ba a daidaita yadda na so ba. Na nemi 10, mai motar ya ƙi, aka tsaya a 14, da sharaɗin kada jeri ya haura bangon bodi. Har yanzu ya fi ƙarfin motar, kuma na faɗa aka rubuta cewa na faɗa.

Da aka tashi, direban ya biyo ni waje ya tambayi nawa ne nisan da ya kamata ya riƙa bari tsakaninsa da na gaba. Na ce ya zaɓi turke ko allo a bakin hanya, idan na gaba ya wuce shi ya fara ƙirga sakan: kada ya iso wurin kafin biyu a rani, huɗu in an yi ruwa. Ya ce, "Malam, a Kaduna in ka bar fili haka, keke uku ne za su shige ciki." Ban musa masa ba, na san hanyoyin. Na ce to abin da ya rage a hannunsa shi ne gudun, wannan ba mai shigar masa ciki. Muka lissafa tare a jikin ƙurar motarsa: tafiyar kilomita 5 a gudun 50 minti 6 ce, a gudun 40 kuma minti bakwai da rabi.